Zanen da Aka Tsoma Sau Bakwai

Akwai wani mutum marini, hannuwansa shuɗaye har gwiwa, yana da 'ya ɗaya tilo mai suna Tabita. Matarsa ta rasu da damina a kan hanyar asibiti. Ta bar masa yarinyar, da wani farin zane a akwati wanda takan ce, "Wata rana za ka rina mini." Ranar ba ta zo ba.

Tun daga lokacin Tabita ta ƙudurta sai ta zama nas. Amma makarantar nas ba ta karɓar wanda bai ci kemistiri ba, wato darasin sinadarai, ita kuwa sau biyu tana faɗuwa. Malaminsu ya ce in ta faɗi na uku, za a cire ta daga ajin kimiyya.

Ba ƙyuya gare ta ba. Takan zauna da littafi tun hantsi har la'asar, ba ci ba sha, tana hadda kamar mai faɗa da takardar. Da gari ya waye, sai ta tarar duk ya tsiyaye. Uban yana gani, abin yana damunsa, amma shi bai taɓa shiga aji ba.

Ran nan ta kai masa fura marina, idanunta jawur. Sai ya ɗauko zanen nan na mahaifiyarta ya miƙa mata.

Ya ce, "Uwata, tsoma mini wannan."

Ta tsoma a ramin shuni, ta danne shi da sanda, ta ce, "A bar shi nan har yamma, ya sha sosai."

Ya yi dariya har fura ta kusa sarƙe shi. Ya ce, "Haka kike yi wa littafin naki, shi ya sa. Ɗago shi!"

Ta ɗago. Ta ɓata rai. "Baba, ai kore ne! Ramin naka ya mutu."

"Ke dai baza shi, ki ba shi iska."

Ta baza. Tana kallo, koren nan ya soma juyawa daga gefe, kamar yadda gari ke wayewa, har ya zama shuɗi. Sai ta daka tsalle.

"Baba! Oksijin ne! Iska ce ta haɗu da shunin! Wannan fa yana cikin littafinmu, wata uku ina haddace shi ban san shi ba ne!"

Ya ce, "To, ni shekara talatin muna aiki tare da shi, bai taɓa gaya mini sunansa ba."

Suka yi ta dariya, irin wadda ba su yi ba tun damina. Sau bakwai ta tsoma zanen, sau bakwai ta ba shi iska, kowane karo yana ƙara duhu.

Daga ranar ta sauya karatu. Takan karanta kaɗan, ta rufe littafin, ta zo ta bayyana wa uban da Hausa yana motsa rami. Inda ta kasa bayyanawa, nan take komawa. Bayan kwana biyu ta sake tsoma kanta a darasin. Da sakamakon jarrabawar kemistiri ya fito, ta ci. Ran Lahadi ta ɗaura shuɗin zanen nan ta zo sujada, uban yana bayanta yana share ido da shuɗin hannunsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: farin zanen, zuciyarku ce. Ramin shuni kuwa karatu ne, na makaranta da na Maganar Allah. Iskar ita ce hutawa, da tunani, da gaya wa wani abin da kuka koya, da aikata shi. Yara, kada ku danne kanku a littafi yini guda ku ce kun yi karatu. Ku shiga, ku fito, ku sake shiga. In kuka ɗago kuka ga kore, kada ku ce ramin ya mutu.

Ku kuma masu wani farin zane a akwati, wanda mai shi ta tafi ba a rina mata ba, ku fito da shi. Ubangiji bai gama rini ba tukuna.