Faifan Biki da Ba Ya Goguwa

Akwai wani mutum mai 'ya'ya mata biyu. Ƙaramar Allah ya ba ta murya. In ta ɗaga waƙa a majami'a, har masu gyangyaɗi a bencin baya sukan wartsake. Babbar ma tana waƙa daidai gwargwado, amma ba wanda ya taɓa waiwayowa don ya ga mai yi. Abin ya daɗe yana cin ta a rai.

Ranar auren babbar, uban ya tashi ya dafa kanta da na angonta yana sa musu albarka, ƙaramar kuwa tana rera waƙa a hankali a bayansu, kamar yadda aka saba a ikkilisiyarsu. Mai ɗaukar bidiyo ya zuba musu bikin a kwamfuta, ya kuma ba su ajiya a faifai, irin wanda in an rubuta sau ɗaya shi ke nan.

Ba a daɗe ba uban ya rasu. Duk sa'ad da kewarsa ta kama babbar, sai ta kunna bidiyon. Amma duk baƙon da ya kalla ba ya zancen amarya, sai ya tambayi wace ce mai waƙar. Wata rana ma ta ji mijinta yana bin waƙar a maƙoshi, yana murmushi, shi da bai taɓa cewa ta yi masa waƙa ba. Yana fita ta zauna gaban kwamfuta, ta bi ta yanke duk inda muryar ƙanwar ta fito, ta adana sabon a kan tsohon. Da ta kunna, sai ta ga an yanka kek, an yi rawa, amma albarkar uban ta tafi tare da waƙar.

Ta ɗauki kwamfuta da faifan ta nufi wurin mai gyara. Ta roƙe shi ya fara goge waƙar daga faifan, sa'an nan ya dawo mata da muryar babanta.

Ya ce, "Anti, wannan faifan karanta shi kawai ake yi. Ba a ƙara masa, ba a rage masa. Kuma makirfo ɗaya ce ta ɗauki muryoyin biyu. Ko ki karɓe su tare, ko ki rasa su tare."

Sai ta ce, "Dawo da shi duka."

Da muryar uban ta fito, sai ta kasa kunne sosai, ta ji abin da kishi ya hana ta ji tuntuni: muryar ƙanwar tana rawa a ƙarƙashin addu'ar. Ashe kuka take yi don yayarta za ta bar gida.

Ma'anar wannan misali ita ce: kwamfutar nan zuciyarmu ce, wadda kishi yake sa mu yi ta yankewa a cikinta. Faifan kuwa ƙaunar Ubanmu na sama ce, wadda hannunmu ba ya iya taɓawa. Yana shirye ya maido mana da abin da muka ɓata, amma ba zai goge ɗan'uwanka don ya faranta maka ba. Ke da kike ƙyashin baiwar 'yar'uwarki, ki sani albarkarki a cikin waƙarta take.