Tayoyin Jirgin Ghissa

A unguwar Akokan da ke Arlit akwai wani mutum mai suna Abdulrazak, mutumin Damagaram, wanda ya shekara ashirin yana walda a wurin gyaran injuna na kamfanin ma'adinai. Da aikin ya tsaya, sai ya duƙufa ga abin da ya daɗe yana so, wato haɗa ƙananan jiragen sama na roba, irin waɗanda ke zuwa gutsi-gutsi a cikin kwali. Hannunsa na da kyau, kowa ya shaida. Aibinsa ɗaya ne: ba a gaya masa magana. Kafin ka rufe baki ya ce, "Na sani."

Wata safiya Lalla ta yi sallama a gidansa. Matar marigayi Ghissa ce, direban motar ma'aikata, abokin Abdulrazak. Jirgi ɗaya tak Ghissa ya taɓa haɗawa, a watannin ciwonsa na ƙarshe, yana tari yana mannawa. Lalla ta kwance ƙyalle ta fito da jirgin, sannan ta buɗe kwalin ashana ta nuna wata ƴar taya.

"Malam, wannan ce ta faɗi. Ƴata Dassin za ta tafi Yamai karatu ƙarshen wata, tana so ta tafi da abin babanta. Ka manna mana kawai."

Abdulrazak ya juya tayar a tafin hannunsa, ya taɓe baki. "Waɗannan na cikin kwali ne, kamar maɓallin riga. Akwai waɗanda ake sayarwa daban, da zanen taya da komai, har da ɗan lotsawa a ƙasa kamar jirgi ya ɗauki nauyi."

"Mannawa kawai nake so, Malam."

"Na sani, Hajiya. Ki bar mini."

Tana fita ya buga wa Bashar waya, wani direban babbar motar kaya da ke bin hanyar Assamakka zuwa Aljeriya. Bayan kwana huɗu Bashar ya kira daga wani shago a Aljeriya inda ake sayar da irin kayan.

"Mai shago ya ce girma-girma ne. Akwai ɗaya bisa saba'in da biyu, akwai ɗaya bisa arba'in da takwas. Wanne ne naka?"

Jirgin na kan tebur, taku uku daga inda yake kishingiɗe. Abdulrazak ya hange shi daga nan. "Arba'in da takwas."

"Ka auna kuwa?"

"Shekara ashirin ina auna ƙarfe da ido, Bashar. Sayo kawai."

A ranar da la'asar ya ɗauki reza ya yanke sauran tayoyi biyun da ke lafiya lau. Matarsa Zulaihatu tana tsintar shinkafa a gefe, ta ɗaga kai.

"Maigida, ka bari sababbin su iso mana. In ba su yi ba fa?"

"Ke me kika sani game da jirgi?"

"Ban san jirgi ba. Na dai san ba namu ba ne."

Maimakon amsa, sai ya watsa tayoyin uku cikin garwashin shayi. Warin roba ya cika tsakar gida. Zulaihatu ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki tana girgiza kai.

Bayan kwana goma sha biyu Bashar ya iso. Tayoyin na da kyau ƙwarai, ba ƙarya. Amma da Abdulrazak ya kara ɗaya a ƙafar jirgin, sai ka ce an sa wa akuya ƙafar raƙumi. Ramin tsakiyar tayar ya yi wa sandar ƙafar jirgin faɗi, ta gaba kuwa ta ƙi shiga ƙarƙashin hancin jirgin.

Zulaihatu ta ce, "To, tsaya nan. Je ka gaya wa Lalla gaskiya tun jirgin na da ƙafafu."

"Ƙaramin gyara ne."

"Haka ka ce ranar rediyon maƙwabta."

Bai saurare ta ba. Ya gasa ƙusa a wuta don ya kumbura bakin sandar ta riƙe tayar. Robar ta narke ta lanƙwashe. Ya danna da yatsa zai miƙar da ita, ƙafar ta karye. Garin kama ta, gwiwar hannunsa ta hau fiffike, ya ji ƙas. Ya zuba gam da yawa don ya rufe tsagin, gam ya ci fentin da Ghissa ya shafa, ya bar tabo kamar ƙuna.

Ana gobe tafiya Lalla ta zo tare da Dassin. Jirgin na kwance a kan cikinsa, fiffike ɗaya ya sunkuya. Abdulrazak ya fara bayani a kan mai shago da rashin sanin aikinsa. Dassin ba ta dube shi ba. Ta shafa tabon da ɗan yatsa.

Lalla ta ce, "Ina tsofaffin tayoyin? Ba mu, mu tafi da su."

Zulaihatu ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Ya ƙona su, Hajiya. Ku yi haƙuri."

"Zan haɗa muku wani sabo," in ji Abdulrazak. "Wanda ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba."

Sai a lokacin Dassin ta ɗaga ido. "Baba Abdu, ba kyau muka zo nema ba. Babana ne ya haɗa wannan."

Lalla ta naɗe jirgin a ƙyallenta a hankali, suka fita. Washegari Dassin ta hau mota ba tare da jirgin ba, don ba zai jure hanya ba. Tun daga ranar Lalla na gaida Zulaihatu a kasuwa, amma ba ta sake taka gidan ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da aka ba ka amana ba wurin nuna gwaninta ba ne. Yi abin da aka roƙe ka, in kana shakka ka tashi ka auna, kuma kada ka zubar da tsoho sai sabo ya zauna daram. Gwanin da ba ya jin magana ya fi wanda bai iya ba ɓarna, domin shi ake miƙa wa abin da ba shi da madadi.