Tsororuwar da ta Cinye Muryar Uwar Asabe

Yaya Kubura, jiya 'ya'yanki suka tsare ni da tambaya: Kawu, an rubuta giga ɗari biyar a jikin rumbun kwamfutarka, me ya sa ita take nuna ƙasa da haka? Ga abin da na ba su.

Dalilin da ya sa rumbun kwamfuta ba ya kai abin da aka rubuta a jikinsa, ai a da can ba haka yake ba. Mudu ɗaya ake awo da shi. Maƙeri Tanko yana ƙera rumbu, Inna Kwamfuta tana aunawa ta zuba. Ita kuwa awo irin na mutanen da can take yi, ba ta sauke mudu sai ya yi tsororuwa.

Wata rana Tanko ya ga tsororuwar nan tana ci masa ƙarfe, sai ya shafe bakin mudunsa da hannu, ya ce daga yau ƙwaya dubu cif shi ne mudu. Inna ta ce ita mudun da ta gada dubu da ashirin da huɗu ne, ba yaro ne zai sauya mata ba. Suka daina gaisawa.

Ana nan sai ga Asabe, wadda uwarta ta rasu. Ta ɗauro abin da ya rage mata a zani: dariyar uwar, faɗanta, da waƙar da take yi in tana tankaɗe. Inna ta auna kayan da mudunta ta faɗi yawansu, Tanko ya auna rumbu da nasa mudun, ya ce zai shige har da sarari. Asabe ta ajiye waƙar a ƙarshe, don ita ta fi so ta zama a sama.

Inna ta yi ta zubawa da tsororuwarta. Dariya ta shiga, faɗa ya shiga, rumbu ya cika. Waƙa tana ƙasa, ga hadari ya haɗo.

"Inna, ki ɗan rage tsororuwar mana, ko yau kaɗai."

"'Yar nan, je ki tambayi mai shafaffen mudu."

Tanko ya ce shi bai yi ƙarya ba, ta ƙirga ta gani. Tana tsakaninsu ruwa ya sauko, ya tafi da waƙar. Mai unguwa ya saurari ƙarar, ya ce duka biyun gaskiya suka faɗa, ya ba Asabe haƙuri, aka watse.

Shi ya sa har yau maƙera suke rubuta nasu, kwamfuta ta nuna nata, mai ajiya ne yake kwana da giɓin.

Yaran sun yi dariyar taurin kan Inna, Yaya. Ƙaramar ta ce in kunna musu waƙar da kike mata a goye. Na ce sai gobe. Waƙar ce na bari a ƙarshe ranar da nake kwashe abin da ke cikin wayarki bayan rasuwarki, rumbun ya ce ya cika, wayar kuma ba ta ƙara tashi ba. Har yanzu ban faɗa wa kowa ba.