Malam Uzuri da Gadar Rodi

Akwai wani ɗan mai walda da ya samu tallafin karatu a jami'ar 'ya'yan manya, irin wadda ɗalibi ke cikin aji direba na jiransa a waje. Sharaɗin tallafin guda ne: ya faɗi kwas ɗaya, a janye.

A shekara ta uku aka raba ɗaliban injiniya rukuni-rukuni, kowanne ya ƙera ƙaramar gada. Rukuninsu ba sa haɗuwa sai a wani gidan shan kofi da ba a zama sai an saya, kuma kofi ɗaya a can kuɗin motarsa ne na mako guda. Duk ranar zama sai ya ce yana da uzuri, har suka laƙaba masa Malam Uzuri.

Wani ɗan gayu a cikinsu, wanda ake kira Turare don ƙamshinsa kan riga shi shiga aji, ya ce, "A cire sunansa kawai. Ba za mu yi noma wani ya zo girbi ba."

Shugabar rukunin ta ce sai ta ji ta bakinsa tukuna. Ta yi ta tambaya har ta kai rumfar mahaifinsa.

Ta tarar da shi sanye da baƙin tabarau, tartsatsi na tashi. A gefensa ga gada da guntayen rodi, daidai da zanen da suke turawa ta waya. Ta uku ke nan da ya ƙera, biyu na farko sun karye.

Mahaifin ya yi dariya. "'Yata, kullum sai ya sa na hau kanta. Ni ne tirelar gwajinsa."

Ta dubi saurayin. "Me ya hana ka faɗa mana?"

"Shugaba, in ce me? Ba ni da kuɗin kofi? Na fi so in gama in kawo muku."

Kunya ta kama ta ƙwarai. Ni abin da ya burge ni, ba ta ce za ta riƙa biya masa ba, don ta san inda ke masa ciwo. Saƙo kawai ta tura wa sauran: daga gobe zama ya koma inda ƙarfe yake.

Turare ya zo da farar riga yana yatsina. Mako biyu yana riƙe rodi, ya kasa haɗa ko kusurwa ɗaya.

Ranar gwaji gadoji da yawa suka lanƙwashe, tasu ko gezau. Malamin ya tambayi wanda ya haɗa ta. Turare ya miƙe.

"Malam, ni na ce a cire sunansa. Ina roƙo a rubuta shi a farko, ni a ƙarshe."

Haka kuwa aka rubuta.

Darasi: Kada ka kira mutum malalaci ba ka san abin da ya hana shi zama ba. In za ka taimaki mai ƙaramin ƙarfi, ka taimake shi da mutuncinsa. A tura wa ɗalibai, wataƙila akwai Malam Uzuri a ajinsu.