Sarkin da Ya Liƙe Tulunan Iri

An ce wani sarki ya gaji rumbun iri daga kakanninsa: dawa kala-kala, gero, maiwa, wake, har da acca, kowanne a tulunsa. Al'adar gidan ita ce, duk masanin tsiro da ya zo daga wata ƙasa a ba shi tafi guda ya je ya gwada, in ya girbe ya dawo da sabo a zuba. Shi kuwa sarkin nan marowaci ne, ko ƙuda ya taɓa tuwonsa sai ya bi shi ya karɓo. Ya ce, "Ni ba gidan sadaka na buɗe ba." Ya sa aka liƙe bakin tulunan da laka.

Mai kula da rumbun, wani tsoho Malam Nomau, ya ce, "Ya sarki, iri ba zinariya ba ne, rai gare shi." Sarki ya kore shi.

Shekaru suka shuɗe. Ciyawar wuta-wuta ta mamaye gonakin dawa, yunwa ta leƙo. Sarki ya tuna akwai wata jar dawa a rumbu wadda wuta-wuta ba ta iya mata. Ya fasa tulun yana hura hanci, aka shuka. Ko tsinke bai fito ba.

Aka nemo Nomau. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, wace dukiya ce in an ɓoye ta mutu, in an bayar ta haihu?"

Sarki ya ce, "Tsoho, talakawana na cin dusa, kai kana kacici-kacici? Ina zan sami mai rai?"

"Wurin wata masaniya a ƙasar gabas. Mahaifinka ya ba ta, ita kuma kowace damina tana shukawa tana gwadawa."

"A tura dakarai su karɓo mini kayana!"

"Allah ya ba ka nasara, ba ta ba ɗan aike. Mai so ya zo da ƙafarsa, ya rantse zai raba wa wasu."

Sarki ya dubi waziri, waziri ya dubi rufin ɗaki. Ba yadda sarki ya iya, ya tafi, ya durƙusa da tumbinsa gaban matar, ya rantse.

Ta ɗebo dawar, ta ce, "Buɗe hannun da kyau, ranka ya daɗe. Na ga bai saba ba."

Ya haɗiye maganar, ya buɗe. Mutanensa suka shuka, suka rayu.

Adalcin sarki iri ne: a hannun jama'a yake tsira, a dunƙule mutuwa yake.