Kotun Mai Haɗa Giya

Giyar jabu mai guba ta kashe mutane a wani gari, har da ƙanen Tabawa mai ƙosai. Ta kai ƙara.

Alƙali ya ce, "Giya haramun ce, ba ruwan hukuma. Sai dai mamacin ya zo ya yi ƙara da bakinsa."

Tabawa ta ce, "Allah gafarta malam, mene ne hukuncin mashayi?"

"Bulala tamanin."

"Ba kisa ba?"

"Wa ya isa ya ƙara a kan abin da shari'a ta yanke?"

"Mai haɗa giyar nan. Kai bulala kake yi, shi kisa. Ashe kotunsa ta fi taka."

Alƙali ya gyara zama, ya ce, "A kamo mini shi. Alƙali ɗaya ne a garin nan."