Mahon da Ke Cikin Rigar Madugu

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da fatake ke tafiya da jakuna, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Ku saurara, jama'a. Nomau ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko mai unguwa bai taɓa aikowa a kira shi shawara ba. Da damina ya yi noma, da rani ya shiga daji ya yo itace ya sayar. Iyakarsa ke nan.

Amma yana da abu guda, allura. Kullum tana soke a jikin hularsa. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai, a wurin tsohuwarsa ya koya. In ya dawo daga daji ya yi la'asar, sai ya zauna gindin ceɗiyar ƙofar gidansa yana 'yan ɗinke-ɗinke. Wandon wani ya yage, a kawo. Zanen tsohuwa ya ɓarke, a kawo. Ko wuri ɗaya ba ya karɓa. In an matsa masa sai ya ce, "Me na kashe? Allura ce, ba ta cin hatsi."

To, ɗinkin nasa yana da ƙa'ida, kuma ku riƙe ta, don a kanta labarin yake. Nomau ba ya sayen zare. Kalmasar rigar yake buɗewa ya zaro zare daga jikinta, don launi ya zo ɗaya. Maho kuwa, ƙyallen da ake toshe huda da shi, ta ciki yake sa shi, ba ta waje ba. In ya gama, sai ka juya rigar, ka sake juyawa, ka rasa inda ta yage. Yakan ce, "Maho ba don a gani ake yin sa ba." Mutanen gari suna tsokanarsa, "Sarkin Maho, ran ka ya daɗe!" Shi ko sai dariya. Abin da ba su lura da shi ba, mai gyaran tsumma ya san talaucin kowa. Ya san mai wando ɗaya, ya san wadda take wanke zanenta ta zauna a ɗaki sai ya bushe. Ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinsa ba.

Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, a taɓa shi, yanzu za a zo wurin.

Nomau yana riƙe da wata yarinya marainiya, Hansai, 'yar wansa da ya rasu. Shi ya raine ta, shi da matarsa Tabawa, har ta isa aure. Sai Allah ya haɗa jininta da wani saurayi, Mati, ɗan Madugu Jatau. Yana son ta, tana son sa, aka kai gaisuwa, aka sa rana.

Madugu Jatau kuwa, a garin nan in ya yi tari sai a ce masa sannu. Shi ke jan fatake zuwa sayen goro. Amma akwai abin da gari bai sani ba. A tafiyarsa ta ƙarshe ruwa ya ci kayansa a wani kogi, jakuna suka bi ruwa, da ƙyar ya tsira da ransa. Ya dawo ya yi gum. Ya riƙa sayar da rigunansa ɗaya bayan ɗaya a wasu garuruwa, inda ba a san shi ba, har ya rage saura guda, wata babbar riga ta saƙi. Ita ya ajiye a adaka, ya ce ranar auren ɗansa zai sa.

Ana dab da ɗaurin aure, da hantsi, sai ga Kuluwa matar Madugu ta shigo gidan Nomau da ƙwarya a kai an rufe da faifai, kamar mai kawo dawa. Suka gaisa da Tabawa. Da ta buɗe ƙwaryar, sai ga rigar Madugu. Gara ta shiga adaka ta ci hannun rigar, huda kamar faɗin faifan nan da aka rufo ta da shi.

Kuluwa ta durƙusa daga bayan zana, ta ce, "Baffan Hansai, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. Wallahi ba shi da wata. Bai ma san gara ta ci ta ba. In ya gani, baƙin ciki zai kashe shi. Kuma don Allah, kada kowa ya ji. Ko shi."

Nomau ya ce, "Tashi, Inna. Ba wanda zai ji."

Ya ɗauki riga ya duba. Huda irin wannan zare ba ya toshe ta, sai da ƙyalle, kuma ƙyallen sai irin saƙar. Ina za a samu? Duk garin, saƙi mai irin wannan idon saƙa guda biyu ne, na Madugu da wata riga da mahaifin Nomau ya bari. Rigar nan ita ce duk abin da Nomau ya gada. Ba ya sa ta sai Sallah, kuma ita ya yi niyyar sawa ranar da zai ba da auren Hansai.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko ta, ya shimfiɗa, ya ɗauki aska.

Tabawa ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam, rigar Baba? To kai me za ka sa?"

Ya ce, "Ita zan sa."

"Da huda a baya?"

"Zan toshe ta."

"Da me? Haba, Malam! Kai ne fa waliyyi. A gaban mutane za ka zauna!"

Kada ku zaci abin bai yi masa ciwo ba. Ya yi masa. Har hannunsa sai da ya tsaya a kan wuyan rigar, inda ƙanshin turaren tsohonsa bai gama fita ba. Sannan ya ce, "Tabawa, ni an saba ganina da maho. Nawa ba labari ba ne. Nasa kuwa, kafin azahar ya kai kasuwa."

Ya yanka. Ya zauna ya zaro zare daga kalmasar rigar Madugu, ya sa mahon ta ciki, ya bi idon saƙar ɗaya bayan ɗaya har ya haɗe. Wurin ya faɗo daidai inda riga ke ɓuya cikin ninki in an tattara ta a kafaɗa. Kuluwa ta zo ta karɓa, ta duba ta rasa wurin, ta fashe da kuka. Tasa kuwa, wani tsohon baƙin ƙyalle ya samu ya liƙa. Duk iyawarsa bai ɓoyu ba, don allura ba ta mai da baƙin yadi saƙi.

Na san wani a cikinku zai ce, me ya hana shi aron riga? Wanda zai ba ka aro sai ya tambaye ka ina taka. In ka faɗa, ka tona. In ka ƙi faɗa, sai ka yi ƙarya. Nomau bai iya ko ɗaya ba.

Ranar ɗaurin aure aka taru ƙofar gidan Nomau, aka shimfiɗa tabarmi, ga liman, ga goro. Madugu ya iso cikin saƙinsa yana taku ɗai-ɗai, ana ta "Sannu da zuwa, uban tafiya!" Sai Nomau ya fito daga gida, ya juya zai zauna. Wani daga cikin dangin ango ya hango bayansa, ya taɓa na kusa da shi. Dariya ta fara tafiya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce, "Sarkin Maho yau ma da kayan sarauta aka fito!"

Fuskar Madugu ta canza. Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Wannan ne waliyyin? Ni za a wulaƙanta? A rasa rigar da za a tarbe ni da ita sai tsumma? Liman, dakata. Ba zan haɗa jini da gidan maho ba!"

Kada ku yi saurin zaginsa, jama'a. Mutumin da talauci ke bi a baya, ba abin da yake tsoron gani kamar talauci a gabansa. Tsoro ne ke magana a bakinsa, ba girman kai kaɗai ba.

Cikin gida guɗa ta tsaya. Hansai tana ɗaki an lulluɓe ta, tana jin komai, marainiyar Allah, aurenta na shirin watsewa a kan ƙyalle. Tabawa tana bayan ƙyaure tana cizon yatsa, ta san magana ɗaya ce za ta kashe wutar nan.

Magana ɗaya! "Madugu, juya rigarka." Shi ke nan. Da ya faɗe ta, da dariya ta koma kan mai ita, da kunya ta sa an ɗaura auren a take. Ku tambayi kanku, wa zai iya haɗiye ta? Ni dai da nake gabanku, ban yi wa kaina alkawari ba. Amma Nomau ya san magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma, bai ce uffan ba.

Madugu, cikin fushi, ya yarfa hannun rigarsa baya zai tafi. Ai kuwa sai hannun rigar ya juye, cikinsa ya koma waje. Ga maho nan shimfiɗe a kafaɗarsa, ga sawun allura kewaye da shi. Ƙiris ya rage na bayansa su gani.

Nomau ya yi zumbur ya tashi, ya sha bayansa, ya tsaya tsakaninsa da mutane kamar mai ba da haƙuri. Ya kama hannun rigar ya mayar da shi, ya ce a hankali yadda ba mai ji sai shi, "Madugu, riƙe rigarka da kyau, iska na ɗaga ta."

Madugu ya fizge. "Sake ni!" Da ya fizge sai yatsunsa suka faɗa kan ɗinki. Ya tsaya. Ya shafa. Ya leƙa cikin ninkin, ya ga abin da bai taɓa sani ba yana jikinsa. Ya ɗago kai, lokacin Nomau ya juya zai koma wurin zamansa. Sai ga baƙin ƙyallen nan a bayansa, faɗinsa ɗaya da wanda ke hannunsa, kuma saƙin da ke kewaye da shi irin nasa ne sak.

Allahu Akbar! Madugu ya zauna daɓas a kan tabarma. Can ya ce, "Liman, a ɗaura."

Aka ɗaura. Guɗa ta tashi. Mutane suka watse suna cewa, kai, Madugu akwai saurin fushi akwai saurin huce. Ba wanda ya san abin da ya faru. Nomau bai faɗa ba, ko Hansai bai gaya wa ba. Aka ci gaba da ce masa Sarkin Maho, ya ci gaba da dariya.

To ta ina muka ji? Daga bakin Madugu. Shekaru suka wuce, Nomau ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Da aka dawo daga maƙabarta aka zauna gindin ceɗiyar nan, sai Madugu, ya tsufa yana dogara sanda, ya miƙe cikin tsohon saƙinsa. Ya tuɓe rigar a gaban kowa, ya juya cikinta, ya ɗaga sama. Ya ce, "Ku duba. Ranar da na zage shi a nan wurin, rigar ubansa ce a jikina. Ya yanke suturarsa ya rufe ni, ina cin mutuncinsa yana gyara mini ninki." Ya fashe da kuka kamar yaro.

Ba wanda ya yi dariya. Sai ka ga wannan ya kai hannu ya shafa gwiwar wandonsa, wancan ya shafa cikin aljihunsa. Kowa ya san inda nasa mahon yake, kuma sai ranar kowa ya gane ba shi kaɗai ba ne.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Ba banza Bahaushe ya kira tufafi sutura ba, kuma ya kira rufin asiri sutura. Abu ɗaya ne. An karantar da mu cewa wanda ya suturta ɗan'uwansa, Allah zai suturta shi ranar da ba mai riga. Mu fa? Ka ba maƙwabcinka mudun gero, kafin ya kai gida unguwa ta ji. Ki ba ƙanwarki zane, ranar biki ki ce, "Ai nawa ne, ya yi miki kyau." Wannan maho ne ta waje, hudar ma ta fi shi rufin asiri. Ranar da aka ɓata maka rai kuwa, ranar ce jarrabawarka, don ranar ce alherin da ka yi yake yi maka ƙaiƙayi a baki.

Kada wani ya ce ni talaka ne, ba ni da abin bayarwa. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Da ita kaɗai Nomau ya rufe gari guda. Dukanmu nan akwai maho a jikinmu, wanda Allah ya sa mana ta ciki, mutane ba su gani. In iska ta ɗaga rigar ɗan'uwanka, ka sha bayansa ka mayar masa.

Allah ya suturta mu duniya da lahira. Ku ce amin.